Ruwan Alminiyam a Gaban Alƙali: Yaushe Lulluɓe Ƙarfe Yake Zama Ƙirƙira?

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen bandir ɗin kwano ya san ba duka ne ɗaya ba. Akwai wanda ya sha ruwan tutiya sosai, zai yi ta cin damina yana nan garau. Akwai kuma wanda aka yi wa shafa-shafa, kafin a je ko'ina ya fara jan tsatsa a bakin ƙusa. Abin da ya raba su lulluɓi ne da ido ba ya iya auna kaurinsa. A falle mai kyau, wanda ke ɗauke da giram 275 na tutiya a kowace murabba'in mita idan an haɗa fuska biyu, kaurin lulluɓin kowace fuska kusan maikiron 20 ne (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), bai kai rabin kaurin silin gashi ba. A kan irin wannan siririn abu ne manyan kamfanonin ƙarfe ke kwashe shekaru suna shari'a, kuma tambayar da aka fi daɗewa a kanta ita ce: hanyar lulluɓin da wani ya yi wa rajista ƙirƙira ce ta gaske, ko kuwa abu ne da duk ƙwararren da ya zauna ya yi aikinsa zai kai gare shi?

Takardar haƙƙin ƙirƙira ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai bayyana dabararsa dalla-dalla, ita kuma ta ba shi ikon hana kowa amfani da ita a ƙasar har shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙata. A ƙarshen takardar ake jera da'awoyi masu lamba, su ne iyakar gonarsa. Abin da ke cikin iyakar nasa ne, abin da ke waje na kowa ne. Wanda aka kai ƙara kan ya shiga gonar yana da kariya iri biyu: ko ya nuna ƙafarsa ba ta taka ciki ba, ko ya nuna tun asali bai kamata a ba da takardar ba. A ta biyun, idan ya samo rubutu guda ɗaya da ya riga ya fito, wanda ya ƙunshi duk abin da ke cikin da'awar, magana ta ƙare, abin ba sabo ba ne. Amma da wuya a sami haka. Abin da aka fi samu shi ne rabin dabarar tana cikin wannan littafi, ɗaya rabin a cikin wata tsohuwar takarda, sai a yi ta gardama kan ko haɗa su abu ne da yake a fili.

Tushen wannan sharaɗi a Amurka ya faro ne daga mariƙin ƙofa. A shari'ar Hotchkiss da Greenwood, a 1851, wani ya yi mariƙi da yumɓu ko tangaran a maimakon katako ko ƙarfe. Kotun Ƙoli ta ce canza wannan abu da wancan aikin ƙwararren ma'aikaci ne, bai kai na mai ƙirƙira ba. Dokar 1952 ta rubuta sharaɗin a sashe na 103, sannan a 1966, a shari'ar Graham da John Deere kan wani ɓangare na garma, kotun ta shimfiɗa yadda za a auna. A duba ilimin da ya riga ya fito fili da faɗinsa, a fitar da bambancin da ke tsakaninsa da da'awar, a tantance zurfin ƙwarewar matsakaicin ma'aikacin fannin. Bayan haka a saurari shaidun da ke kewaye: ko abin ya samu kasuwa, ko an daɗe ana neman mafita an rasa, ko wasu sun gwada sun kasa.

Shi wannan matsakaicin ma'aikaci ba mutum ne mai rai ba, doka ce ta ƙaga shi. A fannin lulluɓi ana iya kwatanta shi da injiniyan ƙarafa mai wasu shekaru a bakin layin da ake tsoma falle cikin narkakkiyar tutiya ko alminiyam, wanda aka ɗauka ya karanta duk abin da aka buga a fannin da kowane harshe, amma ba gwani ne na fitar hankali ba. Dole alƙali ya shiga rigarsa, ya koma ranar da aka shigar da takardar, ya manta da amsar da yake riƙe da ita a hannu. Nan ne wahalar take. Kacici-kacici in an faɗi amsarsa kowa sai ya ga ai da sauƙi. Don gudun haka, kotun ɗaukaka ƙarar da ke sauraron irin waɗannan shari'o'i ta daɗe tana cewa sai an nuna wani abu a rubuce-rubucen baya da ya koyar, ko ya yi nuni, ko ya zaburar da haɗa abubuwan biyu. A 2007, a shari'ar KSR da Teleflex kan totur ɗin mota, Kotun Ƙoli ta ce an tsaurara wannan ma'auni fiye da kima. Ma'aikacin yana da hankali da 'yar dabara irin ta yau da kullum, kuma idan akwai matsala sananniya, mafitarta 'yan kaɗan ce da ake iya hasashen sakamakonsu, gwada su ɗaya bayan ɗaya ba ƙirƙira ba ce.

Wannan hukunci ya fi cizon masu lulluɓin ƙarfe, domin kusan duk kayan aikinsu sanannu ne. Tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya tun shekarun 1830 aka yi masa rajista a Faransa, da sunan Stanislas Sorel. Tutiya na narkewa a digiri 419.5 na Salsiyas, kaskon tsomawa kuma ana riƙe shi a wajen 450. Gaurayen da ake kira Galvalume, mai kashi 55 cikin 100 na alminiyam, 43.4 na tutiya da 1.6 na silikon, kamfanin Bethlehem Steel ya fitar da shi kasuwa tun 1972, irinsa ne ake sayarwa a kasuwannin kwano da sunan aluzinc. Abin da ya rage wa mai sabuwar dabara shi ne lambobi da jerin matakai: kashi nawa na wane sinadari, zafi nawa, daƙiƙa nawa, kauri nawa, me za a fara me za a ƙare da shi. Dubi lulluɓin tutiya mai alminiyam da magnesiyam. ZAM da kamfanin Nisshin ya fitar yana da kashi 6 na alminiyam da 3 na magnesiyam, SuperDyma na Nippon Steel kashi 11 da 3 da ɗan silikon, Magnelis na ArcelorMittal kashi 3.5 da 3. Gonaki ne kafaɗa da kafaɗa, kowa da shingensa.

Kotunan Amurka suna da ƙa'ida mai tsauri kan lambobi. A shari'ar Aller ta 1955, wadda ta shafi haɗa wani sinadari, ilimin baya ya nuna digiri 100 da asid mai ƙarfin kashi 10, mai buƙata kuma ya nemi digiri 40 zuwa 80 da asid kashi 25 zuwa 70. Aka hana shi, aka ce in an riga an san yanayin aikin gaba ɗaya, lalubo inda ya fi kyau ta gwaji na yau da kullum ba ƙirƙira ba ne. A 1985, a shari'ar Titanium Metals da Banner, an nemi haƙƙi kan taitaniyam mai kashi 0.8 na nikel da 0.3 na molibdinam. Wata maƙala ta Rasha ta riga ta nuna gauraye biyu, ɗaya 0.75 da 0.25, ɗayan 0.94 da 0.31. Lambar da aka nema ba ta zo daidai da ko ɗaya ba, amma kotu ta ce kusancin ya isa ƙwararre ya sa ran halinsu ɗaya ne. Shari'ar Geisler ta 1997 kuwa kan lulluɓi ce kai tsaye. An nemi haƙƙi kan siririn rufin kariya a kan abu mai maido da haske, mai kaurin angistrom 50 zuwa 100 (angistrom dubu goma ne ke yin maikiron ɗaya). Tsohuwar takardar Zehender ta ce kada kaurin ya gaza kusan 100, ta ma fi son 200 zuwa 300. Mai buƙata ya ce to ai ga shi an kore mutane daga inda ya nufa. Kotu ba ta yarda ba. Ta ce takardar da kanta ta nuna amfanin rage kauri, domin siririn rufi ba ya shanye haske da yawa, kuma ya fi sauƙin kuɗi da lokaci, saboda haka ƙwararre zai leƙa ƙasan 100 ya gani.

Ƙa'idar tana da hujja. Ba don ita ba, da kowane kamfani ya yanki ɗan tsagi a cikin abin da kowa ya sani ya kafa shinge. Amma duk wanda ya san kaskon tsomawa ya san ƙarfe ba ya tafiya a miƙe kamar awon hatsi, inda ƙarin rabin mudu ke ba da ƙarin rabin mudu. A layin tutiya, ɗan alminiyam da ake zubawa a kasko yana yin wani siririn shamaki a fuskar ƙarfen, wanda ke hana ƙarfe da tutiya cakuɗuwa su yi ɓawo mai saurin tsagewa. Idan alminiyam ɗin ya kai wajen kashi 0.2, shamakin zai tsaya, a sami falle mai ƙyalli da ke lanƙwasuwa lafiya. Idan aka sauke shi zuwa wajen 0.13 aka sake ɗumama fallen, shamakin zai karye, ƙarfe ya ratsa tutiyar gaba ɗaya, a sami wani kaya dabam, mai launin toka, da masu ƙera mota ke so don walda da fenti. Tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ba, amma kaya biyu ne. Saboda haka doka ta bar ƙofa: mai takarda zai iya tsira idan ya nuna tsagin da ya zaɓa yana ba da sakamakon da ba a zata ba, ko kuma ba a san cewa lambar da ya juya tana da tasiri a kan sakamakon ba. Sai dai ƙofar ƙarama ce. A shari'ar Harris ta 2005, kan gaurayen nikel mai jure zafi, ƙarin kashi 32 zuwa 43 na tsawon juriya bai wadatar ba. Kotu ta ce wannan ƙarin yawa ne, ita kuwa tana neman bambancin iri.

Shari'ar da ta fi nuna duk wannan a wuri guda ita ce ta ArcelorMittal da AK Steel, kuma ba a fahimtarta sai an fara sanin aikin da kansa.

Masu ƙera mota suna son ƙarfe mai ƙarfi ƙwarai a wuraren da ke kare rai, kamar ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya da sandar cikin bamba, amma mara nauyi. Matsalar ita ce ƙarfe mai tauri ba ya yarda a matsa shi da sanyi, ko ya tsage ko ya ɗan koma yadda yake. Mafitar ta fito daga Suwidin a shekarun 1970, aka fara sa ta a motar Saab 9000 a 1984. Ana ɗaukar falle mai kabon kusan kashi 0.22, manganis kusan 1.2, da ɗan boron da bai wuce 0.005 ba. A yadda ya zo, ƙarfin jansa wajen megafaskal 600 ne. A sa shi a tanderu mai zafin digiri 900 zuwa 950 na wasu mintuna har ƙwayoyin cikinsa su sauya, a ciro shi jajur a kai shi injin matsa cikin 'yan daƙiƙoƙi, a matse shi a zubin da ruwan sanyi ke zagayawa a cikinsa. Zubin ne ke ba shi siffa, shi ne kuma ke sanyaya shi. Aikin maƙeri ne da ke tsoma ruwan gatari a ruwa don ya yi tauri, sai dai a nan an haɗa duka da tsomawa a bugu ɗaya. Dole zafin ya sauka da saurin da ya kai kusan digiri 27 a daƙiƙa, in ba haka ba taurin ba zai kama ba, kuma aikin boron shi ne ya ba da wannan sarari. Idan komai ya tafi daidai, ƙarfin ya kai wajen megafaskal 1500.

Abin da ke ɓata aikin shi ne iska. Ƙarfe tsirara a digiri 900, da zarar ya haɗu da iska, sai ya yi baƙin ɓawo irin wanda ke zuba a gindin uwar maƙera. Ɓawon yana karce zubi, yana hana zafi fita da sauri, fenti kuma ba ya zama a kansa, don haka sai an bi kowane yanki da feshin ƙananan ƙwallayen ƙarfe, wanda kan iya lanƙwasa siririn kaya. Ban da haka kabon ɗin fuskar yana ƙonewa, fatar ƙarfen ta yi laushi.

Injiniyoyin kamfanin Sollac na Faransa, wanda daga baya ya shiga cikin ArcelorMittal, suka ce a yi wa fallen ruwan alminiyam tun kafin ya shiga tanderu. Ana tsoma shi a kaskon alminiyam mai silikon kusan kashi 10, ya fito da lulluɓi na wajen maikiron 25 a kowace fuska. Wanda ya san lambobi zai ɗaga gira a nan, domin alminiyam na narkewa a digiri 660, gaurayensa da silikon ma yana fara narkewa tun 577, ga shi za a kai shi 900 da ɗoriya. Me zai hana ya tsiyaye? Abin da ke faruwa shi ne, yayin da zafi ke hawa, ƙarfen da ke ƙasa yana ratsowa cikin lulluɓin, su haɗu su zama wasu gauraye na ƙarfe da alminiyam waɗanda ba sa narkewa sai an wuce digiri 1000. Lulluɓin ya daskare a wurinsa, ya tare iska, ba ɓawo, ba ƙonewar kabon. Tsere ne tsakanin narkewa da ratsawa. In aka hau zafi da gaggawa, lulluɓin ya zama ruwa kafin ƙarfe ya iso, ya ɓata ƙarafan da ke gungura kayan a cikin tanderu, kaurinsa ya bambanta wuri zuwa wuri. In aka bar shi ya daɗe, layin ratsawar ya yi kauri, ƙananan ramuka su buɗe a ciki, waldar ɗigo ta ƙi kamawa yadda ya kamata. Tutiya ba ta iya wannan aiki cikin sauƙi ba, don tana tafasa a digiri 907, kuma narkakkiyarta kan kutsa tsakanin ƙwayoyin ƙarfe lokacin matsa ta haddasa tsaga. Wannan kaya shi ne Usibor, takardarsa ta Amurka kuma mai lamba 6,296,805 ta fito a 2001.

A 2010 ArcelorMittal ya kai AK Steel da Severstal Dearborn da Wheeling-Nisshin ƙara a kotun tarayya ta jihar Delaware. Hujjar waɗanda ake ƙara mai sauƙin faɗa ce. Ƙarfe mai boron sananne ne, matsa shi da zafi sananne ne, yi wa ƙarfe ruwan alminiyam kuma tun ƙarshen shekarun 1930 kamfanin Armco, wanda shi ne asalin AK Steel, yake yinsa, ana ƙera salansa da tanda da shi daidai don yana jure zafi. Suka kuma kawo wata maƙala da ake kira da sunan marubucinta, Bano, wadda ta yi bayanin ƙarfe mai boron a masana'antar mota har ta taɓo maganar lulluɓi. A 2011 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce ba a shiga gonar ba, kuma takardar ba ta da inganci: ba sabuwa ba ce, sannan a fili take.

A ƙarshen 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta warware hukuncin zare-zare. Kan rashin sabunta, ta soke shi, domin maƙalar Bano ba ta fito ta faɗi alminiyam ba. Kan ko abin a fili yake kuwa, komai ya rataya a kan wata 'yar jimla. Da'awar ta ce falle "wanda aka murza da zafi", wato aka bi da shi tsakanin manyan ƙarafa masu juyawa yana da zafi don a rage masa kauri. Kotun ƙasa ta fassara wannan da fallen da ya kai kaurinsa na ƙarshe ta murzar zafi kaɗai, wato ban da wanda aka sake murzawa da sanyi. To amma siririn fallen mota yawanci sai an bi shi da murzar sanyi, kuma bayanin takardar da kansa ya ce ana iya yin hakan gwargwadon kaurin da ake so. Da waccan fassara, kayan da kamfanin ke sayarwa da yawa ya faɗa wajen iyakar takardarsa, saboda haka shaidar kasuwar da ya samu ba ta shiga ma'auni yadda ya kamata ba. Kotun sama ta gyara fassarar, ta rushe hukuncin, ta mayar da batun a sake dubawa. Darasin aiki a nan babba ne: cinikin da aka yi ba ya zama shaida sai an nuna kayan da aka sayar shi ne ainihin abin da ke cikin da'awa, kuma siffar da aka ƙirƙira ce ta jawo cinikin, ba talla ko girman kamfani ba.

A ɗaya jimlar kuwa kamfanin ya sha ƙasa. Da'awar ta ce ƙarfen yana da juriya "mai yawa ƙwarai" ba tare da lamba ba, kotunan biyu kuma suka tsayar da ma'anarta a megafaskal 1500 ko sama, bisa abin da bayanin takardar ya nuna. Sai kamfanin ya koma ofishin rajista ya nemi a sake fitar da takardar da gyara, aka ba shi a 2013, da ƙarin da'awa ta 23 mai cewa sama da megafaskal 1000. Amfanin wannan a bayyane yake, ƙarfen da bai kai 1500 ba zai shigo cikin shinge. Amma dokar Amurka ba ta yarda a faɗaɗa iyaka ta wannan hanya ba sai an nema cikin shekara biyu da fitowar takardar farko, shi kuwa ya nema bayan kusan shekara goma. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ce sabuwar da'awar ta buɗe ma'anar ta farko, ta tabbatar da faɗuwar da'awa ta 1 zuwa ta 23. Biyun da suka rage, ta 24 da ta 25, kotun ƙasa ta soke su daga baya, aka tabbatar da hakan a 2017.

A ganinmu dabarar lulluɓewa kafin tanderu ba ƙaramin abu ba ce, kuma yadda masana'antar mota ta rungume ta ya isa shaida. Abin takaici ne a ce yawancin ƙarfin shari'ar ya tafi a kan kalmomi biyu da za a iya gyarawa ranar da aka rubuta takardar: a faɗi murzar sanyi a cikin da'awa, a sa lamba a inda aka sa siffa.

Wanda ke son tsagin lambobinsa ya tsaya a gaban kotu, aikinsa yana farawa ne a ɗakin gwaji, kafin lauya ya ɗauki alƙalami. Idan zai ce magnesiyam daga kashi kaza zuwa kaza, dole ya auna a tsakiyar tsagin, da bakinsa biyu, da kuma wajensa ta sama da ta ƙasa, har a ga inda sakamakon ya yi tsalle. Samfuri ɗaya mai kyau a tsakiya ba ya ɗaukar nauyin tsagi mai faɗi. Kwatancen kuma da mafi kusancin abin da aka sani za a yi shi. Wanda ya gwada sabon lulluɓinsa da tutiya zalla, alhali akwai gauraye makusanci a littafi, ya ɓata lokacinsa. Ƙarfen ƙasa ya zama iri ɗaya, kaurin lulluɓi ɗaya, wankin fuska ɗaya, domin in kauri ya bambanta abokin gaba zai ce kaurin ne ya yi aikin. Gwajin feshin gishiri da aka saba, ruwa mai gishiri kashi 5 a digiri 35, yana da rauni da kowa a fannin ya sani: fallen ba ya bushewa, alhali a rayuwa jiƙa da bushewa ne ke gina fatar kariya a kan tutiya. Shi ya sa ake haɗa shi da gwajin da ke juya jiƙa da bushewa, da hoton yankakken gefe a ƙarƙashin madubin ƙara girma, inda ake ganin layukan lulluɓin ɗaya bayan ɗaya. Wannan hoton yana da amfani na biyu. Ba wanda zai bar ka ka shiga masana'antarsa ka auna zafin tanderunsa, amma kana iya sayen kayansa ka yanka, don haka da'awar da ta siffanta layukan da ake gani ta fi sauƙin karewa a kan wadda ta tsaya ga matakan aiki kawai.

Shaidar da ta fi kowace nauyi ita ce wadda aka rubuta kafin rigima: littafin da ya ce kada a yi, ko ƙwararrun da suka ce ba zai yiwu ba. A ranar da aka yanke shari'ar Graham aka yanke ta Adams, kan batirin da ake zuba wa ruwa ya fara aiki, kuma takardar ta tsira ne domin ilimin lokacin yana kore mutane daga wannan haɗi, masana ma sun ƙi gaskatawa da farko. Amma kamar yadda Geisler ta nuna, fifita wata hanya ba daidai yake da hana ɗaya ba.

A Turai ma'aunin ya fi tsari. Ofishin rajistar ƙirƙira na Turai da ke Munich yana zaɓar rubutu ɗaya mafi kusa, ya fitar da bambanci da amfanin da bambancin ya haifar, ya gina matsalar fasaha daga wannan amfani, sannan ya tambaya: ƙwararre da ke fuskantar matsalar zai bi wannan hanya, ko dai kawai yana iya bi? Idan mai takarda ya kasa tabbatar da amfanin, matsalar sai ta sauka ta zama neman wata hanya dabam kurum, kuma a nan kusan kowane zaɓi a fili yake. Kowa na da wata tara bayan ba da takarda ya shigar da adawa. A Amurka ma tun 2012 ana iya ƙalubalantar takarda a gaban kwamitin ofishin rajista, inda rinjayen hujja ya wadatar, saɓanin kotu da ke neman hujja bayyananniya mai gamsarwa.

Dokar Najeriya ta 1970 tana ɗauke da sharaɗin nan, cewa ƙirƙira kada ta zama abin da ke biyowa a fili daga ilimin da ake da shi. Sai dai magatakardan rajista yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya auna ko dabarar ta cancanta, kuma ana ba da takardar ba tare da lamunin ingancinta ba. Ma'ana, mai masana'antar kwano da aka aiko wa wasiƙar gargaɗi bai kamata ya ɗauka hatimin hukuma ya rufe magana ba, domin tambayar ko abin a fili yake ba a taɓa yin ta ba sai ranar da aka je Babbar Kotun Tarayya. Haka kuma takardar Amurka ko ta Turai ba ta da iko a Kano ko Maraɗi sai an yi rajista a inda ya shafe su.

Takardar farko ta ruwan alminiyam ta cika shekarunta 20, amma rigimar ta koma kan abin da ya biyo baya. Idan aka haɗa falle biyu masu lulluɓi da waldar leza kafin a sa su a tanderu, alminiyam yana narkewa ya shiga cikin ɗinkin, ya hana wurin yin tauri, sai ɗinkin ya zama shi ne mafi rauni a jikin kayan. Kankare lulluɓin bakin fallen gaba ɗaya yana magance wannan, amma yana barin ƙarfe tsirara a gefen ɗinki, ya yi ɓawo a tanderu, ya yi tsatsa daga baya. ArcelorMittal ya yi rajistar wata hanya ta tsakiya: a ɗauke saman lulluɓin da leza, a bar siririn layin gaurayen da ke manne da ƙarfen, mai kaurin 'yan maikiron. Wasu kamfanonin suka bi ta wata ƙofa, suna barin lulluɓin yadda yake, suna cusa wayar ciko mai sinadaran da ke rinjayar alminiyam a cikin ɗinkin.